Daimler Ferret a Kasuwar Birtaniya: Farashinta da Abin da Mai Saye Zai Tarar

Daga cikin tsofaffin motocin sulke da sojojin Birtaniya suka daina aiki da su, waɗanda farar hula ke iya mallaka a yau, kaɗan ne suka kai Daimler Ferret farin jini a wurin masu tara kayan tarihin soja, kuma dalilin ba boyayye ba ne. Tsawonta bai wuce mita 3.7 ba, faɗinta kuma mita 1.9, saboda haka tana shiga garejin gida kamar kowace mota, sannan a kan tayoyi huɗu take tafiya, ba a kan sarƙar da ke farfasa kwalta ba. Kamfanin Daimler ya ƙera guda 4,409 a birnin Coventry tsakanin 1952 da 1971 domin aikin leƙen asiri da kai saƙo a fagen fama, an sayar wa ƙasashe da dama, kuma sojojin Birtaniya sun ci gaba da amfani da ita har zuwa yaƙin Tekun Fasha na 1991. Yawan da aka ƙera da kuma daɗewar da ta yi tana aiki su ne suka sa har yanzu ake samunta a kasuwa, ake kuma samun mafi yawan kayan gyaranta.

Na duba guda uku a harabar wani dillalin tsofaffin motocin soja a Ingila, na zauna a kujerar direban kowacce, an kuma tayar mini da biyu daga cikinsu. Abin da na fahimta bayan wannan dubawa shi ne, kuɗin da aka rubuta a jikin tallar Ferret ba ya gaya wa mai saye komai sai ya san halin da akwatin giya da tayoyi da takardun motar suke ciki, domin a nan ne ainihin darajarta take, kuma a nan ne fenti ke yawan rufe ido.

A tallace-tallacen 'yan shekarun nan a Birtaniya, Ferret mai lafiya wadda ke hawa titi takan faɗa ne tsakanin fam dubu 10 da fam dubu 25, gwargwadon samfurinta da cikar kayanta. Samfurin Mk 1 ba shi da rufi, shi ya sa yakan fi araha, ko da yake ya fi daɗin zama ga wanda ke son ɗaukar abokai biyu. Mk 2, musamman wanda ake kira Mk 2/3, shi ne mai ƙaramar hasumiyar da ke juyawa, inda ake ɗora bindigar Browning, kuma shi ne siffar da yawancin mutane ke nufi idan sun ce Ferret. Mk 4 mai manyan tayoyi da Mk 5 wanda aka yi domin harba Swingfire, makami mai linzami na fasa tankokin yaƙi, ba su da yawa, farashinsu kuma yana sama da na sauran. Domin a gane matsayin Ferret a kasuwa, yana da kyau a san cewa yayarta Daimler Dingo, wadda aka ƙera guda 6,626 a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta fi ta tsada sosai, alhali injinta ƙarami ne kuma ba ta kai ta gudu ba. Tarihin yaƙin ne ake biya a jikin Dingo. A jikin Ferret kuwa, mota ake biya.

Ta farko da na duba Mk 1 ce wadda ta shekara da shekaru a fili, ita ce mafi araha, kuma dillalin bai ɓoye cewa ba ta tashi ba. Mutumin da bai san motar ba zai ƙwanƙwasa jikinta, ya ji ƙarfe mai kaurin da ya kai milimita 16 a wasu wurare, ya yanke hukuncin cewa tsatsa ba za ta iya da ita ba. Gangar jikin, wadda aka haɗa da walda gaba ɗaya ba tare da wani firam a ƙarƙashi ba, hakika tana jure shekaru. Sai dai motar da ba ta da rufi takan tara ruwan sama a cikinta, kuma a ƙasan nan ne sandunan da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyi suke kwance, tare da wayoyin lantarki da bututun birki. Da muka ɗaga faranti ɗaya na daɓen sai muka tarar da laka da baƙin mai sun cakuɗe. Tankin man ma yana maƙale ne tsakanin inji da wurin zaman mutane, ta yadda fitar da shi domin wankewa aiki ne na kwanaki. Araha ba ta ado, kuma a wannan mota na ga dalilin karin maganar.

Ta biyu da ta uku duka Mk 2/3 ne. Ta ukun an yi mata sabon fenti, an rataya mata shebur da gatari da ragar ɓad-da-kama, ita ce kuma mafi tsada. Ta biyun fentinta ya koɗe, amma ta zo da kundin takardu mai kauri.

Injin Ferret shi ne abin da ya fi kwantar da hankali a cikinta. Rolls-Royce B60 ne mai silinda shida, mai girman lita 4.26, yana shan fetur, yana kuma ba da ƙarfin doki kusan 130, wanda ke iya kai motar gudun kilomita 93 a awa ɗaya. Dangin wannan inji, wato B40 da B60 da B80, an yi su ne da gangan domin su yi tarayya a kayan gyara a tsakanin motocin soja iri-iri, shi ya sa neman fistin ko gasket ba ya zama tashin hankali. Ya kamata mai saye ya nemi a tayar masa da injin da sanyinsa, ba bayan an ɗumama shi kafin isowarsa ba, ya saurari bugunsa, ya kuma dubi launin hayaƙi. Lantarkin motar na volt 24 ne da batir biyu, wayoyin fulogi kuma a lulluɓe suke da ƙarfe domin kada su dami na'urar sadarwa, wanda ke sa binciken matsalar wuta ya ɗauki lokaci. Man da take sha ba na wasa ba ne: tanki mai cin lita 96 yana kai ta kimanin kilomita 300, wato kusan kilomita uku a kowace lita. Tun da Birtaniya ta mayar da fetur ɗin E10, mai ɗauke da sinadarin ethanol har kashi 10 cikin 100, ya zama na yau da kullum a Satumbar 2021, masu tsofaffin motoci sukan nemi E5 mai tsada, wanda ethanol ɗinsa bai kai haka ba, domin yawan sinadarin ethanol yana cinye tsofaffin robobi da bututun mai.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne tsakanin inji da taya, kuma a nan ya dace mai saye ya ɓata mafi yawan lokacinsa. Ferret ba ta da kuloci irin wanda direbobi suka saba da shi. Abin da ke haɗa inji da akwatin giya wani faifai ne mai cike da mai, giyar kuma irin wadda ake zaɓa tun kafin a buƙace ta ce: direba zai kai liba kan lambar da yake so, ba abin da zai sauya, sai lokacin da ya taka feda ta hagu har ƙasa ya sake ta, sannan giyar ta shiga. Giya biyar ne, kuma akwai wata liba daban ta gaba da baya, wadda ke sa motar ta iya amfani da duka biyar ɗin tana tafiya da baya, abin da mai leƙen asiri ke buƙata idan ya yi kiciɓis da abokan gaba a ƙunƙuntar hanya. Wanda ya riƙa amfani da wannan feda kamar kuloci zai cinye maɗauran da ke cikin akwatin, wanda kuma ya taka ta rabi da rabi, tana iya dawowa da ƙarfin da zai ji a gwiwarsa har kwana biyu. A motar nan mai sabon fenti, giya ta uku tana sulɓewa idan aka ba ta wuta a hawa, alamar da ke iya nufin saiti kawai ake buƙata, tana kuma iya nufin sai an sauke akwatin. A motar mai koɗaɗɗen fenti duka giyoyin sun kama tsaf, illa dai akwai ɗigon mai a ƙarƙashin faifan nan, wanda ke nuna robar da ke tare man ta gaji. Robar kanta ba ta da tsada, amma ba a kai wa gare ta sai an raba inji da akwatin giya, kuma ladan wannan aiki shi ne abin da ya kamata a cire daga farashi.

Akwai kuma wani tsari na motar da ke mayar da batun taya babban al'amari. Ƙarfin inji yana rabuwa ne gida biyu, hagu da dama, kuma tayar gaba da ta baya na kowane ɓangare a ɗaure suke da juna, ba abin da ke ba ɗaya damar juyawa fiye da ɗaya. A kan ƙasa ko ciyawa tayoyin sukan ɗan zame su sauke nauyin da ya taru, amma a kan busasshiyar kwalta, idan ɗaya ta fi ɗaya cinyewa ko iskarsu ta bambanta, sai matsin ya riƙa taruwa a cikin sanduna da ƙananan akwatunan haƙora da ke bayan kowace taya har wani abu ya karye. Saboda haka ba a sauya tayar Ferret ɗaya ɗaya yadda aka ga dama. Asalin tayoyinta masu lamba 9.00 x 16, waɗanda aka yi domin su ci gaba da tafiya ko an harbe su, an daɗe da daina ƙera su, waɗanda suka rage kuma sun tsufa, sun yi tauri, da yawa sun tsattsage a gefe. Na ɗauki awo na zagaye kowace taya a motocin biyu, abin da ya ba dillalin dariya, amma sakamakon ya nuna cewa tayoyin hagu na mai sabon fentin ba su yi daidai da juna ba.

Batun takardu ya fi sauƙin bayani, ko da yake shi ma yana iya tsayar da ciniki. Motar da ke da rajistar DVLA, hukumar rajistar motoci ta Birtaniya, da takardar rajistar da ake kira V5C, ta fi wadda ba ta da ita daraja, domin yin sabuwar rajista yana buƙatar shaidar shekarar ƙira, wadda ƙungiyoyi irin su Military Vehicle Trust ke taimakawa wajen tabbatarwa. Ya wajaba lambar da ke jikin farantin motar ta dace da ta takarda. Da yake Ferret ta ƙarshe ta fito ne a 1971, dukkansu sun haura shekara 40, sun kuma cancanci shiga rukunin motocin tarihi da ba a biya musu harajin hanya. Nauyinta ya wuce iyakar kilo 3,500 na lasin ƙaramar mota, don haka wanda ya ci jarrabawar tuƙi daga 1 ga Janairun 1997 zuwa yau, ya kamata ya tabbatar da matsayin lasinsa kafin ya biya kafin alƙalami. Idan akwai bindiga a hasumiyar, dole ta kasance an kashe ta yadda ba za ta sake harbi ba, da takardar shaida daga ɗaya daga cikin gidajen gwajin makamai biyu na Landan da Birmingham. Fitar da motar daga Birtaniya yana buƙatar lasin gwamnati, shigar da ita Amurka kuma sai da izinin ATF, hukumar da ke sa ido kan makamai a can. Mai saye a wurin gwanjo ya tuna cewa ana ƙara la'adar masu gwanjo a kan kuɗin da aka buga, sau da yawa har da harajin VAT na kashi 20 cikin 100, ga kuma kuɗin babbar motar da za ta ɗauko ta.

Tuƙa ta kuwa abu ne mai daɗi da wahala a lokaci guda. Direba yana zaune ne a tsakiya, sitiyarin ya karkato kansa ta wata fuskar da hannu ba ya sabawa da ita sai bayan 'yan kwanaki, ƙarar inji da ta haƙoran giya ta cika ciki, kuma ko da an buɗe dukkan tagogin ƙarfen, abin da yake gani a gefe da baya kaɗan ne ƙwarai. Shi ya sa masu hankali ba sa shiga cunkoson gari sai da mutum na biyu a sama yana duba musu hanya, suna magana ta na'urar kunne. Birkin na zamanin da ne, yana son ƙafa mai ƙarfi da tazara mai yawa. Duk da haka tana riƙe titi fiye da yadda siffarta ke nunawa, tana kuma bin sahun sauran motoci a hanyoyin karkara ba tare da ta tara layi a bayanta ba.

Dillalin ya yi abin yabo wajen barina in ɗaga faranti in kuma auna taya, bai kuma musa ko ɗaya daga cikin aibobin da na nuna masa ba. Inda na ga gazawarsa shi ne yadda ya ɗora bambancin farashi mai yawa a kan fenti da shebur da raga, kayan da ake samu a rumfunan bajekolin motocin soja da kuɗi kaɗan, alhali motar da ke ɗauke da su tana da giya mai sulɓewa da tayoyin da ba su dace da juna ba. Ita ta farkon ta dace ne kawai da bakanike mai fili da ƙugiyar ɗaga inji da shekara biyu na haƙuri. Ta biyun ce na ga ta cancanci kuɗinta, kuma tayin da na yi a kanta yana da sharaɗi guda: a sauya robar faifan mai a garejin dillalin, a sake tayar mini da ita da sanyin safiya, in ga ƙasan ya bushe, sannan in cika kuɗin.