Gargaɗi: a kula da masu sayar da satifiket ɗin sefti a Kano

Jama'a, wata damfara tana yawo a guruf-guruf na WhatsApp da shafukan Facebook na nan Kano, kuma matasan da suka gama bautar ƙasa suna zaman jiran aiki su ne abin farautarta. Tallar takan zo da hoton mutum sanye da hular kwano da riga mai ƙyalli, a ƙasa an rubuta cewa cikin kwana uku za ka zama jami'in sefti, wato mai kula da lafiya da kariyar ma'aikata, a ba ka satifiket ɗin NEBOSH da na OSHA, wasu hukumomin sefti na ƙasashen waje, haɗe, babu jarrabawa, sannan a sama maka aiki a shimfiɗa bututun gas na AKK, wato Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, ko layin dogo na Kano zuwa Maraɗi. Ayyukan nan na gaskiya ne, shi ya sa ake fakewa da sunansu.

Yadda suke yi kusan iri ɗaya ne. A kama hayar ɗaki a saman wani bene, a jera kujerun roba, a kunna majigi. Kuɗin fom daban, kuɗin kwas daban, kuma asusun da ake turawa na mutum ne, ba na kamfani ba. Bayan an raba takarda sai a ɓullo da kuɗin gwajin lafiya, kuɗin takalmi da hula, kuɗin "riƙe gurbi". Daga nan lambar waya ta daina shiga. Ƙanin wani maƙwabcina ya kawo min tasa in duba: takarda mai kauri, an manna mata tambari mai ruwan zinare, an jera alamun hukumomi har huɗu a kanta kamar kalandar siyasa. Da na tambaye shi me aka koya musu game da shiga rami ko tanki mai iskar guba, sai ya ce ai ranar ba wuta, an tashi da wuri.

NEBOSH hukumar jarrabawa ce da ke Leicester a Ingila, an kafa ta a 1979. Ba ta koyarwa da kanta. Tana ba cibiyoyi izinin koyarwa, kuma sunayensu suna shafinta na intanet, kowa na iya dubawa kyauta. Cibiyar da babu sunanta a can ba ta da ikon yi maka rajista, ko me ta liƙa a bango. Tun 2020 ake rubuta jarrabawar babban satifiket ɗinta ta intanet, ka buɗe littafinka ka amsa cikin awa 24, daga baya a yi maka ganawa don a tabbatar kai ne ka rubuta. Akwai kuma aikin tantance haɗari a wurin aiki na zahiri. To wanda ya ce maka babu jarrabawa, ko "za mu rubuta maka", ya riga ya faɗa maka ko shi wane ne. Kuɗin rajistar ma da fam ake biyansa, ka auna da canjin yau ka gani ko abin da suke karɓa zai kai ko'ina. Araha ba ta ado.

Ita kuwa OSHA hukumar gwamnatin Amurka ce mai sa ido kan wuraren aiki a can. Katin OSHA na awa 10 da na awa 30 da ake yayatawa shaidar halartar horo ne kawai, ba ya mai da kowa ƙwararre. A nan gida akwai ISPON, cibiyar ƙwararrun harkar sefti da dokar 2014 ta kafa. In an ce maka kwas ɗin yana da amincewarta, tuntuɓe ta kai tsaye, kada ka tsaya kan lambar da mai tallar ya ba ka. Rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, da suke ɗagawa kuma shaida ce cewa an yi wa sunan kasuwanci rajista, iyakarta ke nan.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. A ce an yi sa'a takardar bogin ta wuce, an ɗauki yaro a wata majema a Challawa ko masana'antar roba a Sharaɗa ko Bompai. Shi zai sa hannu kafin a yi walda kusa da man fetur, shi zai ce a shiga tanki ko kada a shiga, shi ya kamata ya san cewa ba a watsa wa gobarar lantarki ruwa. Rayukan magidanta ne a hannunsa, alhali ko fil ɗin tukunyar kashe gobara bai taɓa zarewa ba. Ranar da tsautsayi ya faɗa, Allah Ya kiyaye, takardarsa za a fara dubawa, wanda ya sayar masa kuwa ya canja layi tuni.

Ba na cewa duk masu koyar da sefti a Kano haka suke, akwai na ƙwarai. Kafin ka biya ko sisi, ka nemi lambar izinin cibiyar ka duba da kanka, ka je ofishin ido da ido, ka ce a haɗa ka da wanda ya gama a wurinsu yana aiki. Kamfanin kirki ba ya karɓar kuɗi kafin ya ɗauke ka aiki. Wanda kuma aka riga aka cuta, kada kunya ta sa ya yi shiru: ya adana rasit da hoton tura kuɗin da duk hirarrakinsu, ya sanar da bankinsa da gaggawa, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kano.