Rediyo mai katin memori don jin Sabon Alkawari: a danna 83 kafin a biya

A kasuwannin Marwa, Garwa da Mokolo da ke arewacin Kamaru, a rumfunan masu sayar da caja da tocila, akwai wani ƙaramin rediyo da bai wuce tafin hannu ba. Yana kama FM, yana da ramin katin memori a gefe, wani kuma har da ɗan faifan sola a bayansa. Masu bi da yawa suna sa masa Sabon Alkawari na murya da Hausa, musamman iyayenmu mata da ba su yi boko ba, da dattawan da idonsu ya yi rauni, da 'yan'uwan da suka baro Gwoza da kewaye suka zauna a sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo, wanda aka buɗe a 2013, da Hausa a matsayin harshen sujadarsu. Hukuncinmu a kansa shi ne, kaya ne mai albarka, kuɗinsa bai kama ƙafar na babbar waya ba, kuma ba ya cin data. Sai dai ba kowane samfuri ne ya dace da wannan aiki ba.

A nemi mai maɓallan lamba, daga 0 zuwa 9. Wannan shi ne kan gaba. Sabon Alkawari littattafai 27 ne, sura 260, kuma a bisa al'ada kowace sura fayil ɗaya ce a kan katin. Rediyon da ba shi da lamba sai dai "gaba" da "baya", wanda yake son Romawa zai danna fiye da sau ɗari kafin ya isa, kuma ba a kwana biyu mutum ya gaji ya bar shi yana karanta duk abin da ya faɗo. Mai lamba kuwa kai tsaye yake kai mutum. In an jera fayilolin daidai, Matiyu 1 ita ce lamba 1, Markus ya fara a 29, Luka a 45, Yohanna a 69, Ayyukan Manzanni a 90, Romawa a 118. A rubuta wannan a 'yar takarda, a manna ta a bayan rediyon da salatif.

Ga gwajin da za a yi a gaban mai rumfa. A sa katin da aka zuba wa Sabon Alkawari, a danna 83. Abin da ya kamata a ji shi ne Yohanna sura 15, inda Yesu ya kira kansa itacen inabi na gaskiya, almajiransa kuma rassa. Sai a danna 260, a ji ko surar ƙarshe ta Ru'ya ta Yohanna ta fito. In 83 ta kawo wata sura dabam, jerin ya hargitse. In 260 ta yi shiru ko ta yanke a tsakiya, to akwai alamar katin na jabu ne, irin wanda aka rubuta masa babban girma alhali cikinsa kaɗan ne.

Hargitsewar jeri tana da dalili. Yawancin irin waɗannan rediyoyi ba sa duba sunan fayil, suna bin yadda aka zuba fayilolin ne a kan katin, na farkon shiga shi ne na farkon fita. Gyaransa a kwamfuta ake yi: a goge katin gaba ɗaya (format), a zaɓi tsarin ajiyar fayil da ake kira FAT32, a sa wa surorin lamba daga 001 zuwa 260, a zuba su bi da bi, ba a cikin folda-folda ba. Wasu karatun suna da gabatarwa kafin kowane littafi, to a cire ta ko a mayar da ita ƙarshe, don tana tura lambobin gaba. Kuma kada a haɗa waƙoƙin Zumuntar Mata ko wa'azi a kati ɗaya da Nassi. Waƙa ɗaya da ta shiga tsakiya ta isa ta ɓata lissafin duka. A sayi kati na biyu.

Babban kati ɓarnar kuɗi ne. Sabon Alkawari duka karatun wajen awa ashirin ne, kuma MP3 mai matsakaicin inganci, 64 kbps, yana cin kusan mega 29 a awa ɗaya. Ke nan katin giga 2 ya wadatar, na giga 4 kuma zai ɗauki ƙari. Wanda ya haura giga 32 yakan zo da tsarin da rediyon ba ya ganewa. Gidan da ake jin Fulatanci fiye da Hausa, wanda ba baƙon abu ba ne a wannan yanki, sai a tanadi wani katin na Fulatanci a ajiye a cikin akwatin ashana.

Batir shi ne inda kayan yake da rauni. Gara a zaɓi wanda ake buɗe murfi a cire batirinsa, ko dai BL-5C irin na tsohuwar Nokia, ko dogon nan 18650, don in ya mutu a sauya shi kawai. Faifan solar da ke bayan rediyon kuwa kada a dogara da shi. Ƙarami ne ƙwarai, yini guda a rana ba lallai ya cika batirin ba, kuma a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke wuce digiri 40, ajiye rediyo a kan rufin kwano dafa batir ne: ya kumbura, ya daina riƙe wuta. A yi caji a inuwa, da wayar USB. A riƙa zare wayar a hankali, don bakin cajin ne yake fara lalacewa. Lokacin hunturu kuma ƙura tana shiga ramin kati har rediyon ya ce babu kati. A hure shi, a goge haƙoran katin da busasshen ƙyalle.

Duk wannan gyare-gyare don abu ɗaya ne, wato mutum ya zauna da Maganar. A Yohanna sura 15 Yesu ya ce reshe ba ya ba da 'ya'ya shi kaɗai sai yana manne da itacen, ya kuma haɗa zama a cikinsa da zaman maganarsa a cikinmu. Babban haɗarin rediyon nan shi ne sauƙinsa. Ana rataye shi a ƙusa tun asuba, yana ta zuba daga Luka har Korintiyawa, ana daka, ana shara, ana ciniki, ba wanda zai iya faɗin abin da aka karanta. Kunne ya saba da sautin, zuciya ba ta kama kome ba.

Hanyar da ta fi amfani gajeriya ce. Sura ɗaya a rana, a lokaci tsayayye, ko kafin a fita gona ko bayan tuwon dare. Yohanna 15 ayoyi 27 ce, ba ta wuce minti biyar. A ji ta sau ɗaya, a sake danna lambarta a ji na biyu, sa'an nan a kashe rediyon, a kashe shi ɗungum. Kowa ya faɗi abin da ya riƙe da bakinsa: me wannan ya nuna game da Allah, me yake nema a gare ni yau, wa zan gafarta wa ko in nemi gafararsa? Daga nan a mayar da abin addu'a. Da sura ɗaya a rana ana gama Sabon Alkawari cikin kwana 260, ƙasa da wata tara. In an yi shi a tsakar gida tare da yara da maƙwabta ya fi daɗewa, kuma abin da ya shige duhu a ajiye shi a kai wa mai bishara ko dattijon ikilisiya ran Lahadi.

Akwai abin da rediyon ba zai yi ba. Ba ya kai mutum kan aya, sai kan sura, don haka mai shirya wa'azi ko mai koyar da ajin baftisma yana bukatar littafinsa a hannu. Yawancin katunan da ke yawo Sabon Alkawari ne kawai, babu Zabura, ga shi kuwa Zabura ce makarantar addu'a. Wanda ya samu karatunta ya zuba ta bayan Ru'ya ta Yohanna, Zabura 1 ta zama 261, Zabura 23 kuma 283. Lasifikarsa ta ishi ɗaki ko mutum goma a gindin dalbejiya, amma in aka ƙure murya sai ta fara ƙarar tsaga, kalmomi su cakuɗe, batir kuma ya ƙare da wuri. Ga tsohon da kunnensa ya yi nauyi, a haɗa masa da abin sawa a kunne, a kuma tabbata tun a rumfa cewa ramin yana aiki.