Bakaniken kulochi a Agege

'Yan'uwa masu Boxer, in kulochinku na zamewa, inji na ihu babur ba ya ja, akwai wani bakanike Bakano kusa da kasuwar Agege. Bai yi saurin kwance injina ba, sai da ya fara duba wayar kulochi ya daidaita ta. Da ya buɗe, ya nuna min farantan kulochin sun cinye sun yi baƙi, har da ƙaurin ƙuna. Sababbin kuwa ya jiƙa su a baƙin mai kafin ya ɗaura, ya canja gasket, wato abin da ke hana mai yoyo.

"Malam, ka daina zuba baƙin man mota, shi ke sa zamewa," in ji shi.

Matsalarsa ɗaya, jira. Ku je da sassafe.