Takardar Saƙar Tedi: Abin da Na Gani Bayan Na Gwada Ta

Wata baiwar Allah da ke koyar da saƙa a Aboabo, nan Kumasi, ta rubuta takardar bayanin yadda ake saƙa ɗan tedi, wato ɗan tsana mai siffar dabbar beyar, da kibiya, kuma kafin ta fara sayar da ita ta WhatsApp sai ta nemi mu huɗu mu gwada ta. Sharaɗinta guda ne: kada mu gyara komai da saninmu, mu bi abin da ke rubuce layi bayan layi, mu kuma rubuta mata duk inda muka yi tuntuɓe. Na kammala nawa cikin kwana tara, ina saƙa tsakanin isha'i da lokacin barci.

Takardar shafi shida ce, da Hausa aka rubuta ta, kuma wannan kaɗai ya isa a yaba mata, domin yawancinmu da kallon hannun iyaye da maƙwabta muka koyi saƙa, ba mu saba ganin lissafinta a rubuce da harshenmu ba. A shafin farko ta kawo asalin sunan a taƙaice: a 1902 shugaban Amurka Tiyodo Rusbelt, wanda ake yi wa laƙabi da Tedi, ya je farauta a Misisipi ya ƙi harbin wani beyar da aka ɗaure masa a jikin itace, daga nan masu yin kayan wasan yara suka laƙaba sunansa ga ɗan tsanan. Jikata ta fi son wannan labari fiye da tedin kansa.

Ƙarfin takardar yana wajen saƙa kan tedin. Ana farawa da madauki 12, a yi ta ƙari har su kai 48, a saƙa layuka a miƙe, sannan a rage a hankali, kuma ta tsara wuraren ƙarin ta yadda hanci ke fitowa da kansa ba sai an saƙa shi daban an ɗinka ba. Duk wadda ta taɓa ɗinka hanci a fuskar ɗan tsana ta san cewa karkatar da ba ta wuce faɗin zare biyu ba tana sauya kamanninsa gaba ɗaya. A ƙarshen kowane layi ta rubuta adadin madaukin da ya kamata ya rage a kan kibiya, saboda haka kuskure ba ya nisa kafin a kama shi. Wannan lissafi ne ya nuna mini kuskurenta guda a ƙafa: madauki 24 ne, ta ce a haɗa biyu-biyu sau 6, wanda zai bar 18, amma ta rubuta 20. Na warware layin har sau biyu ina zargin hannuna kafin na ɗauki biro na ƙirga. Da na kira ta na ce, "Hajiya, a duba layi na 17 na ƙafa," nan take ta amsa laifinta ta gyara.

Abin da ya fi damuna shi ne girman kibiya. Ta ce a yi amfani da mai milimita 4, wadda ita ce aka saba haɗawa da zaren ulu matsakaici idan rigar sanyi ko hular jariri za a saƙa, inda ake son saƙar ta yi laushi ta bi jiki. Ɗan tsana kuwa cusa shi ake yi har ya cika ya tsaya, kuma da zarar an cusa, saƙar tana buɗewa. Hannun tedin na farko da na saƙa da milimita 4, farar auduga ta riƙa leƙowa ta tsakanin zaren mai ruwan ƙasa. Da na koma milimita 3 sai saƙar ta matse, komai ya rufu, tedin ya tsaya a tsawon santimita 26 maimakon 28 da takardar ta faɗa. Zaren da na saya a kasuwar Kejetia na akirilik ne, wato zaren roba, ƙwallo ɗaya mai giram 100, ya isa har da ɗan saura, amma kaurinsa yana bambanta daga ƙwallo zuwa ƙwallo, don haka ina ganin wajibi ne a saƙa ɗan guntu a gwada kafin a fara aikin gaske.

A wajen cusawa ta ba da zaɓi tsakanin audugar rimi da audugar roba ta matashin kai. Ina son rimi, da shi kakanninmu suka cusa matasai, amma yana dunƙulewa idan an wanke shi, ga shi Kumasi damina biyu take yi a shekara, abin da yaro ke ja a ƙasa kuwa dole ya sha wanki. Ta roba na zaɓa, kuma bayan wanki ɗaya ta bushe ba tare da ta sauya siffa ba.

Ban yarda da maganar idanu ba ko kaɗan. Takardar ta ce a ɗinka maɓallai biyu baƙaƙe, alhali irin wannan tedi galibi kyautar suna za a kai shi, kuma yaron da bai kai shekara 3 ba komai ya samu baki yake kaiwa. Maɓalli na iya tsinkewa ya shaƙe shi. Na yi nawa idanun da baƙin zare, ɗinki biyar a kan juna, na ɓoye bakin zaren cikin kai, kuma na roƙe ta ta mayar da wannan ya zama umarni na farko.

Ta yi alkawarin sauya kibiyar da idanun kafin ta fitar da takardar. Idan ta cika, zan saya wa ɗiyar ƙanwata da ke Asawase wadda ta fara koyon saƙa bana, sai dai zan zauna kusa da ita ranar haɗa hannuwa da gangar jiki, domin bayanin wannan wuri jimla biyu ne kacal, kuma hoto ɗaya ba zai ishi mai koyo ba.