Gidan kwanan marasa matsuguni a tsakiyar mashaya: abin da na gani a Marwa

Wata uku ɗan ƙanwata ya yi yana kwana a wani gida da wata ƙungiya mai zaman kanta ta buɗe wa marasa matsuguni a ɓangaren Domayo, cikin garin Marwa a arewacin Kamaru, kuma kusan kowace Juma'a nakan je duba shi, saboda haka abin da zan faɗa gani ne ba ji ba. Yaron ɗan kilando ne, wato mai ɗaukar fasinja a babur. Da tiramol ya fara don ya jure wa rana da doguwar zirga-zirga, daga nan ya zarce wiskin leda, har mai babur ya karɓe abinsa, mai ɗaki kuma ya fitar masa da kaya. Sau biyu na ɗauke shi gidana, sau biyu muka rabu baram-baram.

Cikin gidan ba ni da abin kushewa. Akwai katifa da gidan sauro ga kowa, akwai akwatin ƙarfe mai kwaɗo na ajiyar kaya, ana ba da tuwon dawa da dare da kunu da safe, kuma ba a karɓar ko sisi, ba a kuma tambayar mutum addininsa ko ƙabilarsa. Abin da ya fi burge ni shi ne ma'aikatan sun san cewa barin giya farat ɗaya ga wanda ta kama jikinsa ba ƙaramin haɗari ba ne. Karkarwar hannu da gumi sukan fara cikin kwana ɗaya bayan kurɓar ƙarshe, jijjiga irin ta farfaɗiya na iya biyowa, a kwana na biyu zuwa na uku kuma wasu sukan rikice su riƙa ganin abin da babu shi, kuma wannan mataki yana iya kisa. A daren yaron na uku ya tashi yana kakkaɓe rigarsa yana cewa kunamu na hawansa. Mai gadi bai tsaya cewa iska ce ta taɓa shi ba, ya nemi abin hawa ya kai shi asibiti, sannan ya kira ni. Wannan alheri ba zan manta da shi ba.

Matsalar tana bakin ƙofa. Duk wanda ya san Marwa ya san Domayo da dare, kuma layin da gidan yake yana da mashaya uku kafin a kai ƙofar, ban da gidan da ake dafa bilbil, wato burkutun yankin, a baya, wanda warin tsiminsa yake shiga har ɗakin kwana idan iska ta juyo. Dokar gidan ita ce kowa ya fita da safe neman abin yi, ya dawo kafin ƙarfe 8 na dare. Wato a daidai lokacin da mutum ya gaji, ga yunwa, ga ɗan canjin dako a aljihu, a lokacin ne ake kunna fitilu, a saki kiɗa, a jera kujeru har kan hanya, shi kuma dole ya ratsa ta tsakiyarsu. Masu yi wa masu shaye-shaye magani sun daɗe da sanin cewa wari da sauti da fuskokin tsofaffin abokan sha suna tayar da ƙishin abin ko mutum bai yi niyya ba, kuma watannin farko su ne mafi wuya. Wata rana da magariba na rako shi, sai wani daga kan benci ya ɗaga leda yana kiran sa da sunan da suke kiran sa a tasha. Na ga maƙogwaronsa ya motsa, ya ƙara sauri, da muka shiga ya ce mini, “Kawu, kullum sai na wuce nan sau biyu, kuma kullum sai an kira ni.”

Ledar da aka ɗaga masa ba ta wuce sefa 100 ba. Tun 2014 gwamnatin Kamaru ta ba da umarnin hana wiskin leda, amma an yi ta ƙara wa masu yin sa wa'adi, shi ya sa har yau ake samun sa a teburin mai sigari. Akwai kuma dokar 1990 wadda ta hana buɗe mashaya a tazarar da ba ta kai mita 200 ba daga makaranta ko asibiti ko wurin ibada, sai dai an yi ta ne don mashayar da za ta zo ta tarar da makaranta, a nan kuwa gidan ne ya zo ya tarar da mashaya.

Na kai kukana wurin shugabar gidan, ta saurare ni da natsuwa, kuma amsarta tana da nauyi. Ta ce, “Alhaji, mun nemi haya a unguwanni masu shiru, da zarar an ji waɗanda za mu kwantar sai a ce an riga an ba wani.” Ta ƙara da cewa masu kwana a titi a nan suke taruwa tun asali, don a nan ake samun ragowar abinci da aikin wanke-wanke, kuma gidan da ke nesa ba mai takawa ya je. Na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne dokarsu ta cewa duk wanda ya dawo ana jin warin giya a bakinsa ba zai shiga ba sai gobe. Na fahimci ana kare sauran ne, amma wanda aka mayar daga ƙofar nan ba shi da wurin zuwa sai benci na gaba, inda ake sha har tsakar dare. Haka ta faru da yaron a mako na bakwai: leda ɗaya ya sha, aka hana shi shiga, kwana huɗu muna nema kafin a same shi. Ɗaki ɗaya a keɓe, wanda mai gadi zai riƙa leƙawa, da ya hana wannan. Haka kuma da za a bar sababbin shiga su yini a ciki a makonnin farko, ko a buɗe ƙofa tun la'asar kafin layin ya cika.

Ga wanda ambaliya ko rikicin kan iyaka ya raba da gidansa, kuma sha bai dame shi ba, ina ba da shawarar gidan ba tare da shakka ba. Ga mai ƙoƙarin barin giya ko ƙwaya kuwa, kada danginsa su kai shi su juya baya suna ganin an sauke musu nauyi. Yaron ya koma, sun karɓe shi ba tare da gori ba, kuma yanzu ni da wani ƙanena muke karɓa-karɓa: bayan sallar magariba ɗayanmu yakan same shi a wurin wankin motar da yake aiki, ya rako shi har ya ga an mayar da sakata.