Stihl MS 381 da ba ya tashi, ko ɗan China 52cc mai tashi: wanne za a saya?

Ɗan uwanmu ya yi tambaya. An kawo masa injin yankan itace guda biyu na hannu, kuɗinsu kusan ɗaya. Na farko Stihl MS 381 ne da ya daɗe a ajiye, ba ya tashi. Na biyu ɗan China ne mai 52cc, irin wanda ake rubuta wa 5200, yana tashi amma da an ba shi wuta sai ya mutu. Wanne zai ɗauka ya gyara?

Malam, kada tashi ko rashin tashi ya ruɗe ka. Abin da zai raba gardama yana bayan salansa. Kafin ka yi ciniki, ka kwance salansar kowane ɗaya, ka haska tocila ta ramin hayaƙi, ka ja igiya a hankali har fistin ya gifta. Lafiyayyen fistin sumul yake, yana ɗan ƙyalli da mai, ringinsa yana motsi idan ka taɓa shi da tsinke. Idan ka ga zane a tsaye daga sama zuwa ƙasa kamar an karce shi da ƙusa, ringin kuma ya maƙale a gurbinsa, to an yi aiki da injin da zallan fetur ba a haɗa shi da man 2T ba, ko ya sha iska ta inda bai kamata ba har ya yi zafi. Mai sayarwar da ya hana ka kwance salansa, bar masa kayansa.

Daga nan ka riƙe injin ta hannun igiya ka sake shi. Mai ƙarfi zai rataya, ya riƙa sauka kaɗan-kaɗan yana cijewa. Wanda ya zarce ƙasa sululu ba shi da matsi. In akwai ma'aunin matsi, 130 zuwa 160 psi lafiya ce, ƙasa da 100 kuwa da wuya ya yi aiki. Sai ka cire murfin igiya, ka kama fankar da ke ciki ka girgiza sama da ƙasa. In ta yi lilo ko kaɗan, boris ɗin da ke riƙe da sandar da fankar ke kai ya tafi, gyaransa sai an raba injin gida biyu, kuma wannan aikin ya fi ƙarfin arhar da ka gani.

MS 381 yana da 72.2cc, ƙarfinsa kilowat 3.9, nauyinsa kilo 6.6 ban da sarƙa da dogon ƙarfenta. An ƙera shi don wuni ana aiki, zai shiga kirya da marke da maɗaci ba tare da ya shaƙe ba. Ɗan China kwaikwayon wani tsohon injin Zenoah ne na Japan, ƙarfinsa rabin na Stihl ɗin da ɗan ɗoriya. Bai kai shi nauyi ba, kuma ya ishi mai sassabe a gona ko mai rage rassan darbejiya da turare. Inda ya gaza shi ne ƙananan kaya: tiyon mai yana saurin bushewa ya tsage, robar igiya tana karyewa, kusoshi suna kwancewa da girgiza, kafireto ba ya zama inda aka saita shi. Kayan gyaransa kuwa ga arha ga samuwa, har silinda da fistin sukutum. Ka dai auna fistin kafin ka sayo, don na 52cc faɗinsa milimita 45 ne, na 45cc kuma 43, kuma sau da yawa jikin injin iri ɗaya ne, takardar da aka manna ce kawai ta bambanta.

Babban haɗarin Stihl ɗin shi ne jabu. An kwaikwayi MS 381 da wani samfurin Stihl mai suna 070 sosai, har fenti da tambari. Na asali yana da lamba da aka buga a jikin ƙarfen injin, kuma yawancin kayansa suna ɗauke da lambar kaya mai farawa da 1119, rubutu tsaf, ba rauni ba dagwalo. Idan lambar a takarda kawai take, roba tana da kaifin baki, rubutun ya yi dishi-dishi, to ɗan China ne mai girma, kada ka biya kuɗin Stihl a kansa.

In Stihl ɗin na asali ne kuma fistinsa lafiya, rashin tashinsa yawanci ƙaramin abu ne. Cire fulogi, ka jingina shi da jikin silinda ka ja igiya, ka ga ko akwai wuta shuɗiya. In babu, zare siririyar wayar kashewa daga kwayil ka sake gwadawa, don sau da yawa ita ce ta goge ta taɓa ƙarfe. Tazarar bakin fulogi milimita 0.5, tazarar kwayil da fanka kimanin 0.3, wato kaurin ɗan kwali siriri. In akwai wuta, zuba rabin ƙaramin cokali na haɗaɗɗen mai ta ramin fulogi, ka mayar ka ja. Idan ya yi ƙara na daƙiƙa biyu ko uku ya mutu, alhamdu lillahi, matsalar hanyar mai ce kawai. Fetur da ya kwana watanni a ciki yana zama danƙo, siraran robobin da ke tura mai a cikin kafireto su sandare. Sai a zubar da tsohon mai, a canza matatar da ke cikin tanki, da tiyo, da robobin kafireto, a wanke 'yar ragar da ke cikinsa. Kada a tsokane ramukansa da waya.

Ciwon ɗan Chinan, mutuwa idan an ba shi wuta, alamar ƙarancin mai ce, kuma maganin farko shi ne wannan ɗin dai, sai a ƙara da duba hancin tanki, inda iska ke shiga, ko ya toshe. Amma akwai gwajin da ya kamata ka yi masa tunda yana tashi. Bar shi a silo, wato yana aiki ba a ba shi wuta ba, ka kwantar da shi gefen dama, sannan hagu. Idan muryarsa ta tashi sama ko ya mutu, iska na shiga ta oyilsil, robar da ke toshe bakin boris, ko ta robar da ta haɗa kafireto da silinda. Injin da ya daɗe a haka yana cin fistinsa a hankali, shi ya sa tashinsa bai isa ya kwantar maka da hankali ba.

Wajen saiti, ka ɗaure sukurorin H da L na jikin kafireto, masu daidaita mai, a hankali har su tsaya, ka warware kowanne zagaye ɗaya, daga nan ake farawa. Kada ka matse H don jin daɗin ƙara. Idan ka ba shi wuta ba a cikin itace ba, ya kamata ka ji muryar tana ɗan gargada, ta washe da zarar sarƙa ta kama itace. Wanda ke ihu tas a iska yana gab da ƙonewa. Haɗin mai ma ya bambanta. Stihl da man 2T mai kyau 50:1 ne, wato mililita 100 na man 2T a lita biyar na fetur. Yawancin 'yan China littafinsu 25:1 yake cewa, mililita 200 a lita biyar. Baƙin man da aka juye daga mota kuma kada ya shiga tankin sarƙa, ƙurar ƙarfen da ke cikinsa tana cinye famfon mai. Ka nuna bakin dogon ƙarfen sarƙa ga kwali ka ba shi wuta, in famfon na aiki za ka ga layin mai ya fito.

Sarƙoƙinsu ba sa shiga juna. MS 381 yana amfani da sarƙa mai girman 3/8 da magagari mai milimita 5.2, ɗan China galibi .325 da magagari 4.8. Duka biyun ana wasa haƙori a kusurwar digiri 30.

To ga shawararmu. Idan Stihl ɗin na asali ne, fistin sumul, boris bai yi lilo ba, shi za ka ɗauka ko da ɗan Chinan na ruri a gabanka. Idan ya faɗi ɗaya daga cikin ukun nan, kuma aikinka na gona ne jefi-jefi, ka ɗauki ɗan China, ka rage kuɗin tiyo da kayan kafireto daga farashinsa. Kowanne ka zaɓa, tura birkin sarƙa gaba kafin ka biya. Dole ka ji ƙas, sarƙar kuma ta ƙi motsi ko ka ja ta da hannu. In bai kama ba, a gyara shi kafin injin ya taɓa itace, domin idan bakin ƙarfen ya daki wani abu, fuskar mai riƙe da shi yake nufa.