Jira da Tempo, ko Zoho Projects: wanne ya fi dacewa da amincewa da awannin aiki?

Ɗan'uwa, ka ce ku goma sha biyu ne a tawagarku, kuna yi wa kamfanoni aikin manhaja ana biyanku gwargwadon awannin da kuka yi, kuma kana son wuri ɗaya da za ka riƙa bibiyar ayyuka, ka kuma amince da takardar awannin kowa kafin a tura wa abokin ciniki lissafi. Ka tsaya tsakanin manhajojin bibiyar aiki guda biyu, Jira da Zoho Projects. Ga yadda nake ganinsu.

Ta fuskar bibiyar aiki, Jira ne a gaba, kuma da tazara. Kamfanin Atlassian na Ostireliya ya fitar da shi a 2002 domin masu rubuta manhaja su riƙa bin diddigin kurakurai, har yau kuma jininsa ke nan. Kai ne za ka tsara matakan da aiki zai bi: an buɗe, ana kai, ana gwaji, an rufe. Kana iya hana kowa rufe aiki sai mai gwaji. Zoho Projects, na kamfanin Zoho na Indiya, ya fi karkata ga jadawali: wannan aikin ba zai fara ba sai wancan ya ƙare, ga ranar farawa, ga ranar gamawa, duk a kan zanen Gantt, wato zanen da ke nuna kowane aiki a matsayin sanda a kan layin kwanaki. Shi ma yana da allon katuna da wurin rubuta kurakurai, sai dai bai kai zurfin Jira ba.

A wajen awanni ne labari yake sauyawa. Jira yana barin ma'aikaci ya rubuta lokacin da ya ɓata a kan kowane aiki, ya ga abin da aka ƙiyasta da abin da ya rage. Iyakarsa ke nan. Ba shi da takardar mako da za a miƙa wa shugaba ya amince ko ya mayar. Wanda ke da izinin gyara nasa rubutun zai iya komawa kan aikin watan jiya ya mai da awa 3 ta zama 5, alhali ka riga ka tura lissafi. Don haka da yawa daga cikin masu Jira suke ƙara Tempo, wata manhaja ta wani kamfani dabam da ake samu a kasuwar Atlassian, da kuɗinta na dabam. Da Tempo, ma'aikaci zai miƙa awanninsa na mako ko na wata gaba ɗaya ga wanda aka naɗa ya duba, idan an amince sai a kulle wannan zangon.

Wani ɗan abu da ke rikita sababbin masu Jira: idan mutum ya rubuta 1d, wato kwana ɗaya, manhajar awa 8 take ƙirgawa, 1w kuma kwana 5, sai fa idan mai kula da tsarin ya sauya. Tawagar da ke aikin awa 7 a rana, in ba a gyara wannan ba, kullum lissafinta zai riƙa haurawa ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

A Zoho Projects kuwa, amincewa tana cikin gida. Ma'aikaci ya danna agogo a kan aikin, ko ya rubuta awannin da hannu, ya nuna ko na cajin abokin ciniki ne ko a'a. Kai kuma ka buɗe ka ga layi-layi: ka amince da wannan, ka mayar da wancan. Daga nan awannin da aka amince da su suna iya wucewa Zoho Books ko Zoho Invoice, manhajojin lissafin kuɗi na kamfanin Zoho, su zama takardar biya. Abin da ban so ba a nan shi ne damar rubuta awanni na gama-gari, waɗanda ba su rataya a kan wani aiki ba. In ka bar wannan ƙofa a buɗe, ranar Juma'a za ka tarar da awa 6 an rubuta musu "taro da sauransu", ka rasa da me za ka gwada su. Amincewa ba ta da amfani idan mai sa hannu ba zai iya buɗe aikin ya ga abin da aka yi a cikin awannin ba.

Kada ka dogara da tsarin kyauta. Na Jira yana tsayawa a mutum 10, ku kuma kun haura.

Da ni ne a matsayinka, zan fara duba inda ayyukanku suke zaune yanzu. Idan masu rubuta manhajarku sun saba da Jira, sun jona shi da GitHub ko Bitbucket, wato wuraren da ake ajiye rubutun manhaja, kada ka tashe su saboda takardar awanni. Ka sayi Tempo, ka jure biyan kuɗi biyu. Idan kuwa yanzu za ku fara, kuma babbar damuwarka ita ce lissafin abokin ciniki ya fita daidai a ƙarshen wata, Zoho Projects zai kai ka da ƙarancin wahala. Kowanne ka ɗauka, ka sa miƙa awanni ya zama na mako-mako, domin mutum ba ya tuna abin da ya yi ranar Talatar makonni uku da suka wuce.